Tafiya da keke daga Maigatari zuwa dausayin Haɗeja da Nguru

Wanda ya hau keke daga garin Maigatari, a bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, ya nufi Haɗeja, zai yi tafiyar kimanin kilomita 100 kafin ya isa bakin ɗaya daga cikin dausayi mafi muhimmanci a yankin Sahel na Afirka ta Yamma. Tafiya ce da ke farawa cikin rairayi da ƙaya, ta ƙare a inda ruwa ke malala, ake noman shinkafa da kamun kifi, kuma dubban tsuntsaye ke sauka duk shekara daga nahiyar Turai.

Ba a keɓe wa masu keke wata hanya a wannan yanki ba. Kwalta ɗaya ce suke rabawa da manyan motocin dabbobi, da babura, da amalanken shanu. Amma duk da haka keke ya daɗe da zama abin hawan manomi da ɗan kasuwa da ɗalibi a nan, kuma yanayin ƙasar, wadda ba ta da tsaunuka ko hawa mai wahala, ya dace da shi ƙwarai.

Inda hanyar ta fara

Maigatari na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel a arewacin jihar Jigawa. Sauran su ne Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Garin ya shahara ne saboda kasuwarsa ta dabbobi da ke ci duk ranar Alhamis, inda ake kawo shanu da raƙuma da tumaki da awaki da dawakai daga Nijar, fatake kuma su ɗora su a manyan motoci zuwa kudancin Najeriya. A shekara ta 2000, zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa yankin ciniki maras haraji a gefen garin, da nufin sarrafa kayan da ƙasar ke samarwa, kamar riɗi da zoɓo da ƙaro da fatu, a fitar da su waje.

Harkokin garin na ɗaure ne da iyakar. An rufe ta a watan Agustan 2019, aka sake buɗewa a watan Disamban 2020, kana aka ƙara rufewa a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar, kafin Najeriya ta buɗe ɓangarenta a watan Maris na 2024.

Ga mai keke, abin lura shi ne ranar kasuwa. Tun daga yammacin Laraba har zuwa Juma'a hanyar Maigatari zuwa Gumel kan cika da motocin dabbobi, kuma babu wani gefen hanya mai faɗi da za a raɓe. Idan mota ta matso, mai keke ne ke sauka cikin rairayi.

Daga Maigatari zuwa Gumel tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai ce, a yi kudu. Daga Gumel sai hanya ta juya gabas zuwa Malam Madori, sannan ta gangara Haɗeja. Akwai wata hanyar da ta fi tsawo, wadda ke bi ta Gagarawa zuwa Gujungu, garin da kasuwarsa ke ci ranar Lahadi, kafin a kama titin da ya taso daga Kano. Dukkan hanyoyin biyu suna tsallake layin dogon da ya taso daga Kano ya ƙare a Nguru, wanda Turawan mulkin mallaka suka kammala a shekara ta 1930 domin kwashe gyaɗa da fatu. Gagarawa da Malam Madori duka tashoshi ne a kan wannan layi.

Mutumin da ke tuƙa keken ƙarfe na gargajiya, ɗauke da ɗan kaya, kan yi kilomita 12 zuwa 15 cikin sa'a guda, wato ke nan tafiyar za ta cinye masa yini ɗaya cur. Mai keken tsere da ya saba zai iya gamawa cikin sa'o'i huɗu ko biyar.

Yadda dausayin ya samu

Sunan jihar kansa ya bayyana yanayin ƙasar da matafiyin ke ratsawa: jigawa ita ce tudun rairayi. Irin waɗannan tuddai, waɗanda iska ta tara tun dubban shekaru da suka wuce a lokacin da hamada ta gangaro kudu, su ne suka haifar da dausayin. Kogin Haɗeja, wanda ke samun ruwansa daga kogin Kano da na Challawa, da kuma kogin Jama'are da ke tasowa daga tsaunukan Jos, idan suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai gudunsu ya ragu. Ruwan ya rarrabu tsakanin tuddan, ya zama ƙoramu da tafkuna da fadamu, kafin abin da ya rage ya sake haɗuwa ya zama kogin Yobe, wanda ke ƙarewa a tafkin Chadi.

Dausayin ya shafi ƙananan hukumomin Haɗeja da Auyo da Kirikasamma da Guri da Birniwa a jihar Jigawa, da Nguru da Bade da Jakusko a jihar Yobe, da kuma wani yanki na arewacin jihar Bauchi. An ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan ɗaya da rabi ne suka dogara da shi, waɗanda suka haɗa da Hausawa da Barebari da Badawa da Fulani. Da damina ana noman shinkafa a fadama, gero da dawa a kan tudu. Idan ruwa ya ja baya sai a shuka wake da masara a cikin danshin da ya bari, a kuma yi noman rani na alkama da tattasai da albasa da tumatir. Masunta na kama tarwaɗa da ƙarfasa, makiyaya na kawo garkunansu da rani, mata na saƙa tabarmi da kabar goruba. Bugu da ƙari, ruwan da ke kwanciya a fadamun yana nitsewa ƙarƙashin ƙasa, shi ne kuma ke ciyar da rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogi.

A watan Oktoban 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar ruwa ta Marma, masu faɗin hekta 58,100, cikin jerin dausayi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka rattaba wa hannu a ƙasar Iran a 1971. Shi ne wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi. A shekara ta 2008 aka ƙara da gandun Baturiya, da ke gabas da Haɗeja, da kuma tafkin Dagona da ke ƙasar Bade, wanda tun da farko yake cikin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Sannan a shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da Baturiya gandun daji na ƙasa, tare da wasu wurare tara a sassan Najeriya.

Baƙin da ke zuwa daga Turai

Abin da ya fitar da sunan yankin a duniya shi ne tsuntsaye. An lissafa fiye da nau'i 300 a cikinsa. Wasu 'yan gida ne da kowane yaro ya san su, irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. Wasu kuwa baƙi ne: agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa da ke ƙyanƙyasa a arewacin Turai da Rasha, waɗanda idan sanyi ya kama can sai su tashi, su tsallake tekun Bahar Rum da hamadar Sahara. Bayan irin wannan doguwar tafiya, wuraren da ke da ruwa a bakin hamada kaɗan ne: kogin Senegal, da fadamun kogin Kwara a ƙasar Mali, da tafkin Chadi, sai kuma wannan dausayi. Sukan fara isowa daga watan Oktoba, su koma a watannin Maris da Afrilu.

Shamuwa kuwa akasin haka take yi. Ita daga kudu take zuwa gab da faɗuwar damina, shi ya sa manoma ke ɗaukar ganinta a matsayin albishir.

Saboda waɗannan baƙi ne ƙungiyoyin kare muhalli na duniya, ciki har da IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya RSPB, tare da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, suka fara wani shirin kiyaye dausayin a shekara ta 1987. Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989, lokacin yana shugaban asusun kare namun daji na duniya WWF.

A nan ne keke ke da fifikon da mota ba ta da shi. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, kuma mai shi na iya tsayawa a duk inda ya ga dama. Garken agwagi da ƙarar babur za ta tayar tun daga nesa, mai keke kan iya matsawa kusa da shi kafin ya tashi. A ƙasar Indiya an daɗe da gane haka: a gandun tsuntsaye na Keoladeo da ke Bharatpur, an hana motoci shiga cikin wurin, baƙi na zagayawa ne da ƙafa, ko a kan keken haya, ko a keke mai ƙafa uku da mutanen garin ke tuƙawa, kuma da yawa daga cikin matuƙan sun zama gwanayen sanin tsuntsaye, suna cin abinci da hakan.

Lokaci, iska da ƙaya

Mafi dacewar lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya fara ja baya, hanyoyi sun bushe, tsuntsaye sun cika, kuma da safe akwai sanyi. Sai dai hunturu na da nasa sharaɗin. Iskarsa daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka wanda ya taso daga Gumel ya nufi Malam Madori, ko daga Malam Madori zuwa Birniwa da Nguru, zai sha fama da ita a gaba, ga kuma ƙura da kan rage hangen direbobi. A dawowa ce za ta tura shi.

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, tafiya da rana tsaka a lokacin ganganci ce. Mutanen yankin da ke zuwa kasuwanni masu nisa sammako suke yi bayan sallar asuba, su huta a inuwa da hantsi ya ɗaga, su ci gaba bayan la'asar. Daga Yuli zuwa Oktoba kuwa matsalar ruwa ce. Ƙasar fadama laka ce mai danƙo, wadda kan cushe tsakanin taya da marfinta har ƙafar keken ta daina juyawa. Wasu ƙauyukan na Guri da Kirikasamma kan koma tamkar tsibirai, sai a ɗora keken a kwalekwale a yi fito da shi.

Keken tsere mai siririyar taya iyakarsa kwalta. Da zarar an sauka zuwa burji ko turbar ƙauye, rairayi zai riƙe shi. Ga kuma ƙaya, ta tsidau da ke shimfiɗe a ƙasa, da ta bagaruwa da aduwa da magarya. Wannan ne ya sa kusan kowane ƙauye da ke bakin titi ke da mai faci a gindin bishiya, da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma roba don gano inda ta huje. Mai faci ya san keken ƙarfe ciki da bai, yana kuma da kayan gyaransa, amma ba lallai ne a samu irin tayar keken tsere a wurinsa ba. Wanda zai hau irin wannan keke dole ya taho da nasa kayan.

Babu titi guda da ya zagaye dausayin. Ta arewa akwai hanyar Malam Madori zuwa Birniwa da Nguru, daga nan a wuce Gashuwa, kuma a wannan tsakani ne ake ratsewa zuwa Dagona. Daga Haɗeja kuma akwai hanyar da ke shiga Kirikasamma da Guri, ta cikin tsakiyar fadamun. Shiga wuraren da aka keɓe yana buƙatar izinin jami'an gandun daji, kuma bisa al'adar ƙasar baƙo kan fara gabatar da kansa ga mai gari ko bulama kafin ya kutsa cikin gonaki da wuraren sun mutane.

Keke a rayuwar yankin

Keke ya bazu a ƙasar Hausa ne a zamanin Turawa, a lokacin da kuɗin gyaɗa ya shiga hannun manoma. Samfurin Raleigh na Ingila ya zama abin alfahari, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Daga baya samfurin Phoenix na China da kekunan Indiya masu arha suka mamaye kasuwa. Dukkansu iri guda ne: ƙarfe mai nauyi, giya ɗaya, da kariya mai ƙarfi a baya da ke iya ɗaukar buhun hatsi, ko jarkokin ruwa, ko kwandon bandar kifi, ko akuya ɗaure.

Shigowar babura masu arha daga China a farkon shekarun 2000 ta rage wa keke daraja, har ya zama alamar rashi a idon matasa. A shekara ta 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ƙoƙarin jawo hankalin 'yan Najeriya su koma hawa keke, har ya riƙa tuƙa nasa zuwa taron majalisar ministoci a Abuja. Mutane da dama sun mayar da abin raha, musamman bayan da wata motar safa ta tura shi cikin kwata.

Abin da wa'azin minista bai yi ba, tilas ta yi. A jihar Yobe an haramta hawa babur a 2012 saboda rikicin Boko Haram, haramcin da ya ɗauki kimanin shekaru goma kafin a sassauta shi, kuma a tsawon lokacin keke ne ya cike giɓin a garuruwa da ƙauyuka. Sannan a ranar 29 ga watan Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa a arewacin ƙasar sun jingine babura sun kakkaɓe tsoffin kekunansu.

A matsayin wasa kuwa, tseren keke bai samu gindin zama a masarautun Gumel da Haɗeja kamar ƙwallon ƙafa ko kokawa ko sukuwar dawaki ba. A wasu sassan Afirka labarin ya bambanta. Burkina Faso ta fara gasarta ta zagaye ƙasa tun 1987. Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritrea ya lashe zango uku a gasar Tour de France ta 2024, kuma a watan Satumban 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya, karon farko a nahiyar. Ita ma Najeriya a gasar Olympics ta 2024 a birnin Paris ta samu wakilci a tseren keke a karon farko, ta hannun Ese Ukpeseraye, wadda sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga wani ɓangare na gasar.

Rigimar ruwa

Ko mai keke zai tarar da tafki cike da tsuntsaye, ko busasshiyar fadama, ko kuma titin da ruwa ya yanke, wannan ya danganta ne da abin da ake yi da kogin a can sama, a jihar Kano. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, domin samar wa birnin Kano ruwan sha da kuma noman rani a Kadawa da kwarin Haɗeja. Madatsun, tare da farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, sun rage malalar ruwa ƙwarai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ruwa ke mamayewa ya ragu daga hekta dubu 250 zuwa 300 a shekarun 1960 da 1970, ya koma tsakanin hekta dubu 70 zuwa 100 bayan haka.

Wani bincike da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka wallafa a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa, idan aka auna da yawan ruwan da ake amfani da shi, amfanin da jama'a ke samu a dausayin ta hanyar noma da su da itace ya ninka na manyan ayyukan noman rani da ke sama sau da yawa. Wannan hujja na cikin waɗanda masu adawa da gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are suka riƙe, aikin da aka fara aka dakatar.

Illar madatsun ba ta tsaya ga rage ruwa ba, ta sauya lokacin zuwansa. A da kogin kan cika da damina ya ƙafe da rani. Da aka koma sakin ruwa kusan duk shekara, sai ciyawar kacala, wadda ke son ruwa maras zurfi da ba ya ƙafewa, ta samu wurin zama. Ta toshe mashigun ruwa, yashi ya taru, kogin ya karkata akasarin ruwansa zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru. Sakamakon haka wasu ƙauyuka suka rasa gonakinsu saboda ruwa ya ƙi janyewa, wasu kuma suka rasa nasu saboda ruwa ya daina zuwa. Daɗin daɗawa, kacalar ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki, masu cinye gonar gero ko shinkafa cikin ɗan lokaci, abin da ya sa manomin yankin ba ya kallon kowane tsuntsu da idon da baƙo mai yawon buɗe ido ke kallonsa.

A shekara ta 2006 jihohi shida da kogunan suka ratsa, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka amince a Damaturu su kafa asusun haɗin gwiwa don kula da ruwan. Al'ummomin yankin ma sukan yi gayya su yanke kacala da hannu. Duk da haka ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a kwarin Haɗeja a 2012 da 2018 da 2020, sannan ta 2022 ta rushe gidaje, ta shanye gonaki, ta kuma yanke hanyoyi da dama a jihar Jigawa.

Akwai kuma batun tsaro. Tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009 ƙasashen Turai da Amurka suka riƙa gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa jihar Yobe, baƙin da a da ke zuwa kallon tsuntsaye suka ragu ƙwarai. A ɓangaren Jigawa kuwa, Guri da Kirikasamma na cikin wuraren da aka sha samun arangama tsakanin manoma da makiyaya, galibi a lokacin kaka, yayin da garkuna ke gangarowa fadama tun ba a gama kwashe amfanin gona ba. Wannan lokaci ya zo daidai da farkon isowar tsuntsayen, don haka matafiyin da ya isa Haɗeja a watan Nuwamba ko Disamba ya kamata ya tambayi halin da hanyar ke ciki a tasha ko wurin jami'an gandun daji kafin ya wuce gabas.